Shekara uku ina goge ƙurar littafin da ban buɗe ba

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar laburare ce a wani asibitin koyarwa a nan Arewa, na kusa shekara ashirin a kan kujerar. Idan na faɗa wa mutane aikina, da yawa sai sun sake tambaya: "Dama akwai laburare a asibiti?" Akwai. Namu yana can baya, sai ka wuce ɗakin gwaje-gwaje ka bi ta ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Marar lafiya ba ya zuwa wurin, mai jinya ma ba ya zuwa, sai dai in ɓatan hanya ya yi.

Labarin da zan ba ku na ɗan farina ne. Ba zan faɗi sunansa ba, ko yana raye ban taɓa kiran sunan da bakina ba, kun san al'adarmu. Na daɗe ina juya maganar a raina kafin in yarda in rubuta, don akwai laifina a ciki, kuma faɗin laifin kai a gaban jama'a ba abu ne mai sauƙi ba.

Mu tara Inna ta haifa, ta binne uku. Biyu tun suna goye, ɗaya kuwa ya kai shekara shida, shi nake bi. Ina tuna shi sama-sama: idanunsa ɗorawa-ɗorawa, ciki a kumbure, duk lokacin hunturu yana kwance yana kukan ƙafa, Inna tana gasa masa da tsumma. A unguwa ana ce mata mai wabi. Wasu su ce sanyin ƙashi ne, wasu su ce shawara ce, wata tsohuwa ma ta ce a bincika cikin dangi, akwai mai baki. Babu wanda ya taɓa ambaton sikila a gidanmu.

Baba malamin firamare ne, kuma tun ina aji uku yake kirana Likita. Ban san ranar da ya fara ba, na dai tashi na ji sunan ya bi ni, har 'yan unguwa suka ɗauka. Na rubuta JAMB a 1999, makina bai kai na likitanci ba. Na sake a 2000, bai kai ba. Da aka ba ni gurbin karanta ilimin laburare a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kwana biyu ban ci abinci ba. Baba ya zo bakin ƙofar ɗaki ya ce, "Ki je, 'yata. Ilimi duk ilimi ne." Daga ranar bai sake ce mini Likita ba. Don ya tausaya mini ya daina, na sani, amma dainawar ta fi komai yi mini ciwo.

Na gama a 2004, na yi hidimar ƙasa, a 2006 na samu wannan aikin. Ƙawayena suka yi ta murna wai ga ni a asibiti, buri ya cika ta wata hanya. Ni kuwa kullum da safe sai na ga 'yan ajinmu na sakandare biyu sun wuce cikin farar riga, abin awon ƙirji a wuya, ni ina ɗauke da makullai.

Bari in ɗan faɗi yadda aikin yake, don sai an san shi za a gane inda na yi sake. Ƙarfe takwas nake buɗewa. Mu share, mu goge kantoci, musamman da hunturu da ƙura ke shigowa ko ta ina. Mu duba gara, don gara ita ce babbar abokiyar gabar laburare a ƙasar nan, sai kuma yoyon damina. Idan sababbin littattafai suka zo, ni ke ba kowane lamba. Laburaren asibiti ba ya bin tsarin da makarantu ke bi, muna amfani da na Babban Laburaren Likitanci na Amurka, inda kowane fanni ke da haruffansa: QV na ilimin magunguna, WO na tiyata, WQ na haihuwa, WS na yara, WY na aikin jinya, WH na jini. In na duba taken littafi da jerin babobinsa, sai in san gidansa, in rubuta lambar a 'yar takarda in manna a gadon bayansa, in cike kati, in kai shi kanta. A bango guda akwai manya-manyan kundayen Index Medicus, waɗanda da can likita ke bi shafi-shafi yana neman mujallar da ta yi magana a kan cutar da yake bincike. An daina buga su a 2004, kafin in zo, amma tsofaffin likitoci ba su yarda a kwashe su ba. Kwamfutoci huɗu muke da su, da PubMed, rumbun neman takardun binciken likitanci a intanet, da kalmar sirrin HINARI, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su riƙa karanta mujallun likitanci kyauta ko da rahusa. Kalmar sirrin a aljihun teburina take. Duk mai so sai ya zo wurina.

Ina yin aikin tsaf, babu wanda ya taɓa kama ni da makara ko ɓatan littafi. Amma ban taɓa wuce jerin babobi ba. Na ƙudurce a raina cewa abin da ke cikin littattafan nan na waɗanda suka ci jarabawa ne, ni an riga an ce ban isa ba, to ni ma ba na so. Fushi ne, ko da yake a lokacin ban kira shi fushi ba. Akwai wani littafi mai kore bango a kan cutar sikila, da hannuna na rubuta masa WH 170 a watan farko da na kama aiki. Kowane mako sai na ɗaga shi na goge ƙarƙashinsa.

A ƙarshen 2007 aka sa ranar aurena da ɗan gwaggona. Auren zumunci ne, amma ba na dole ba, muna son juna tun muna yara. Akwai wata tsohuwar nas da muke kira Mama, tana yawan zuwa laburare ta karanta jarida in ta tashi daga aikin dare. Na kai mata katin biki, ta duba, ta tambaye ni ɗan wane ne. Da na faɗa mata sai ta cire tabarau ta ce, "'Yata, kun yi gwajin sikila?" Na yi dariya na ce, "Mama, ai daga ni har shi babu mai ko ciwon kai." Ta ce, "Ba a gani a fuska. Ki ja shi ku je, ga ɗakin gwajin nan kusa da ke." Na ce to. Daga teburina zuwa ƙofar ɗakin gwajin bai kai taku ɗari ba. Ban je ba. Hidimar biki ta sha kaina, wannan gaskiya ne, amma akwai wata gaskiyar a ƙarƙashinta: ina tsoron abin da takardar za ta ce, kuma ban san da wane baki zan tunkari Baba da 'yar'uwarsa in ce a fasa ba.

Na haihu a ƙarshen 2008. Yaro ƙato, mai gashi, lafiya lau. Wata shida babu abin da ya same shi, har na manta da maganar Mama. Yana wata takwas ya kwana yana tsala kuka, da gari ya waye bayan hannayensa da ƙafafunsa sun kumbura sun yi suntum, ko taɓawa ba ya bari a yi. Gwaggo, wadda yanzu ita ce surukata, ta ce rana ce, a nemo saiwa. Na goya shi na tafi da shi wurin aiki. Wani ƙaramin likita da ke karatun jarabawa a laburare ya leƙa bayana, ya kama hannun yaron ya duba, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, "Anti, mu je ɗakin yara yanzu."

Sakamakon ya fito SS, wato yana da sikila. Aka gwada ni, AS, wato ina ɗauke da ita amma ba ta nuna a jikina. Aka gwada mahaifinsa, AS.

Ranar da aka sallame mu na bar yaron wurin Inna, na dawo asibiti bayan la'asar, na buɗe laburare, na kulle kaina a ciki. Na je kantar WH na ɗauko koren littafin. Shekara uku ke nan cif ina ɗaga shi ina ajiyewa. Ban kai shafi na ashirin ba na tarar da zanen da kowace yarinya 'yar sakandare za ta gane: uba AS, uwa AS, gida huɗu, ɗaya AA, wato wanda bai gaji sikila ba, biyu AS, ɗaya SS. Kuma wannan lissafin a kowane ciki yake, ba a cikin kowane 'ya'ya huɗu ba. Na ga hoton hannun jariri a kumbure kamar na ɗana aka ɗauka. Na karanta dalilin da ya sa watannin farko suke wucewa lafiya, wato jinin da jariri ke zuwa da shi daga ciki ne ke kare shi, sai ya fara ja baya sannan ciwon ya bayyana. Na karanta cewa ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, ta mai sikila kuwa 10 zuwa 20 take yi ta mutu, shi ya sa kullum jininsu a ƙasa yake, idanunsu kuma suke yin ɗorawa. Da na zo nan sai yayana ya faɗo mini, yana kwance Inna tana gasa masa ƙafa. Na kifa kaina a kan tebur. Mai gadi ne ya zo ya ƙwanƙwasa bayan isha'i ya ce, "Hajiya, lafiya? Na ga wuta a kunne."

Ba zan ce wannan daren ya mayar da ni wata jaruma ba. Wata uku na yi ba na iya haɗa ido da Mama. In na hango ta sai in shige bayan kanta. Ita ce ta biyo ni har can wata rana, ta riƙe hannuna ta ce, "Abin da Allah ya rubuta ya riga ya faru. Yanzu yaron nan uwa yake buƙata wadda ta san ciwonsa. Kina zaune a kan rijiya, ki sha." Ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa miki" ba, har ta yi ritaya.

Sai na fara karatu. Turancin likitoci ya yi mini nauyi da farko, na ajiye ƙamus a gefe, na sayi littafin rubutu mai kauri. Abin da na gane sai in rubuta shi da Hausa, don in iya yi wa Inna da Gwaggo bayani, tunda su ke riƙe yaron in ina aiki. A ba shi ruwa da yawa ko bai nema ba. Kada a yi masa wanka da ruwan sanyi. Folik asid kullum, Paludrine kullum saboda zazzaɓin cizon sauro, fenisilin kamar yadda likita ya rubuta, gidan sauro kowane dare. In ma'aunin zafi ya kai 38.5, babu jiran gari ya waye, babu jiƙo, asibiti kai tsaye. Na karanta yadda a Jamaika aka koya wa iyaye mata su riƙa lalubar saifar 'ya'yansu a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, mace-macen da ke biyo bayan taruwar jini a saifa suka ragu ƙwarai. Na roƙi wata likitar yara ta koya mini, ni kuma na koya wa Inna. Yana shekara biyu da rabi Inna ce ta kira ni a waya ta ce, "Abin nan da kika ce in riƙa taɓawa ya sauko, kuma leɓensa ya yi fari." Muka kai shi imajansi aka yi masa ƙarin jini a daren. Likitan ya ce da an kai safe da wani labarin ake yi. Inna ba ta yi boko ba ko na kwana ɗaya. Da aka fito da shi ta zauna a dakalin asibiti ta yi kuka mai yawa, na san ba jikanta kaɗai take yi wa ba.

Karatun ya sa ni yin kuskure ma. Na taɓa buga wata takarda daga mujalla na ja layi a ƙarƙashin wasu jimloli, na miƙa wa wani babban likita a gaban ɗalibansa ina tambayar me ya sa ba a yi wa ɗana kaza ba. Ya kalle ni ya ce, "Malama, ke ce likitan ko ni?" Ɗakin ya yi tsit. Na fita ina rawar jiki. Maganar ta taɓa tsohon miki, na yi kwanaki ina jin zafinsa. Daga baya na gane ni ma ban kyauta ba: takarda ɗaya ba ta isa hujja ba, kuma ba a gaban ɗalibai ake yin irin wannan ba. Shi ma bai kyauta ba, don uwa ce ta yi tambaya. Tun daga nan na sa wa kaina iyaka wadda har yau nake kanta. Ina nemo abin da aka rubuta, ina kai wa wanda ya san yadda zai auna shi, ina tambaya har sai na gane. Ba na rubuta wa kowa magani, ko maƙwabciya ce ta zo tana roƙo.

A 2011 na haifi mace. Wata tara na cikin nan ban yi barcin kirki ba, ina lissafin gida huɗun nan dare da rana. Ta fito AS. Na yi sujada, sannan na yanke shawarar da ta fi kowace wuya a rayuwata: na ce wa maigidana na gama haihuwa. Ya yi shiru ya ce, "Kina ganin kin fi Allah sanin abin da zai ba mu?" Na ce ban fi ba, amma Allah ya nuna mini, kuma na taɓa kau da kai sau ɗaya, ba zan sake ba. Mun yi kusan shekara muna wannan maganar. Dangi suka shigo, kuma danginsa dangina ne, babu inda zan kai ƙara. Gwaggo ta daina amsa gaisuwata da sakin fuska. A 2014 ya ce zai ƙara aure. Na yi kishi, kada wata ta ce muku ba a yi, na rame har abokan aiki suka fara tambaya. Sharaɗi ɗaya na kafa: a gwada yarinyar kafin a kai kuɗi. Iyayenta suka ji haushi, suka ce uwargida ce ke neman hana auren. Ya tsaya a kan maganata, wannan ba zan taɓa manta masa ba. Ta fito AA. Yau 'ya'yanta huɗu, babu mai sikila a cikinsu, kuma ni suke kira Umma.

Akwai abu ɗaya da har yanzu yake hana ni barci wani lokaci. Na karanta tun yana ƙarami cewa kusan ɗaya cikin goma na yara masu SS suna samun shanyewar ɓarin jiki kafin su girma, kuma akwai wani awo da ake yi da na'ura a gefen kai, ana duba gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, daga shekara biyu zuwa sha shida, sau ɗaya a shekara. Tun 1998 bincike a Amurka ya nuna cewa in aka gano yaron da ke cikin haɗari aka fara yi masa ƙarin jini a kai a kai, yawanci ana kauce wa abin. A lokacin ba a yin awon kusa da mu, sai an yi tafiya, ga kuɗin mota, ga na masauki, ga neman izini a wurin aiki. Na ce sai an yi albashi. Aka yi albashi na ce sai an yi hutun makaranta. Yaron yana cikin ƙoshin lafiya a shekarar, yana aji biyu, yana zuwa laburare bayan an tashi ya zauna a ƙarƙashin teburina yana zana motoci a bayan tsofaffin katunan littafi. A 2016, yana shekara bakwai, ya tashi da safe kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa na dama, bakinsa ya karkace. Wannan karon ba rashin sani ba ne. Na sani, na jinkirta.

Shekara biyun da suka biyo baya su suka nuna mini su wane ne mutanena. Mu ma'aikatan laburare a asibiti muna tsaka-tsaki ne, ba mu cikin masu farar riga, ba mu cikin 'yan ofis sosai. In ana rabon wani abu akan manta da mu, in ana taro a baya muke zama. Na daɗe ina jin kamar baƙuwa ce ni a wurin. Amma da aka ce yaron zai riƙa karɓar jini kusan kowane wata, ban taɓa sayen leda ɗaya ba. Ɗaliban likitanci da na jinya da ke kwana a kan teburanmu lokacin jarabawa su suka rubuta sunayensu a takarda, masu AA, suka manna a bayan ƙofata. Masinjanmu, dattijo mai 'ya'ya bakwai, ya bayar sau biyu. Matan da muke adashi da su, nas-nas da masu shara da wata mai ba da kati, suka sauya layi suka ba ni ɗauka ba lokacina ba, har sau biyu, babu wadda ta yi ƙorafi. Mai shayin bakin ƙofa ya daina karɓar kuɗina in ya ga mun kwana a ɗakin yara. Wata mai gashin ƙashi tana zuwa laburare lokacin hutunta ta motsa masa hannu a kan tabarmar sallata. Da haka ya koma tafiya, yana jan ƙafa kaɗan, ya koyi rubutu da hagu. Aka sa shi a kan wani maganin masu sikila, haidroksiyuriya, ciwon ƙashin ya ragu sosai.

A watan Janairun 2018, cikin tsananin hunturu, ya fara tari da zazzaɓi. Muka kai shi a daren. Kwana na biyu numfashi ya fara yi masa wuya, hoton ƙirji ya nuna abin da nake tsoro, ciwon ƙirjin nan mai tsanani da ke kama masu sikila, na san sunansa, na san shafin da yake. Aka sa masa iskar oksijin, aka yi ƙarin jini, likitoci sun yi iya yinsu, ina gani da idona. A dare na huɗu ya buɗe ido ya ce in ba shi ruwa. Na ba shi. Duk shekarun nan ina kunyar ɗan fari, ban taɓa rungume shi a gaban mutane ba, ban taɓa yabonsa a gaban Gwaggo ba. A daren na hau gadon na ɗora kansa a ƙirjina, nas-nas suna shiga suna fita, ban damu ba. Kafin kiran assalatu ya cika. Shekararsa tara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Cikin masu zuwa ta'aziyya har da babban likitan nan da ya taɓa yi mini tsawa. Ya zauna a zaure da maza, da zai tafi ya aiko a kira ni. Ya ce, "Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya sa mai ceto ne. Kin yi ƙoƙari." Ban iya amsawa ba.

Na koma aiki bayan kwana arba'in da niyyar neman canjin wuri, ko makaranta ko wata ma'aikata, duk inda babu warin asibiti. Na rubuta takardar ma. Katunan da ya yi zane a bayansu suna cikin aljihun tebur, kullum in na jawo don ɗauko kalmar sirri sai na gan su. Ana cikin haka wata ƙaramar likita ta shigo, tana shirya kundin binciken da za ta miƙa wa Kwalejin Likitocin Afirka ta Yamma, kuma a kan yara masu sikila take yi. Ba ta san labarina ba, sabuwa ce. Ta ce ta yi mako biyu tana nema a intanet, abin da take samu dubbai ne marasa amfani. Na jawo kujera na nuna mata yadda ake nema da kalmomin MeSH, wato keɓaɓɓun kalmomin da PubMed ke rarraba takardu da su, maimakon zuba jimla, yadda ake haɗa kalma da kalma, yadda ake tace shekaru da irin binciken. Cikin awa ɗaya muka fitar da takardu talatin da wani abu da suka dace da ita. Ta dube ni ta ce, "Anti, ina kika san duk wannan?" Na ce mata a nan. Takardar neman canjin tana nan har yau ban miƙa ba.

A 2019 na buga wa likitocin yara sakamakon wani bincike da aka yi a Angola da Kwango da Kenya da Uganda, wanda ya nuna haidroksiyuriya tana rage ciwo da ƙarin jini da mace-mace a yaran Afirka, har da zazzaɓin cizon sauro. Na karanta shi a tsaye a gaban firinta, ina murna ina hawaye, don na san yara nawa zai amfana kuma na san wanda bai jira shi ba.

Aikin ya canza yanzu. Kowa da wayarsa, masu aron littafi sun ragu, kantoci da yawa sai ƙura. Masu zuwa wurina yanzu hanya suke nema a cikin tulin abin da ke intanet: wace mujalla ce ta gaskiya, wacce ce ta 'yan karɓar kuɗi su buga komai, yaya ake jera madogara. Da yawa daga cikin waɗanda na taya aikin kundi suna Saudiyya ko Ingila yanzu, wasu sukan turo gaisuwa da salla. Har yanzu likitocin da suka kwana aiki sukan zo su kifa kai a teburin ƙarshe, ni kuma nakan rage ƙarar fanka in hana a tashe su. Baba ya rasu shekara biyu bayan jikansa. A jinyarsa ta ƙarshe ni ke karanta masa takardun asibiti ina fassara masa, wata rana ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, bai ce komai ba.

Littafin rubutun nan nawa mai kauri, na tattara abin da ke ciki na mayar da shi shafi biyu da Hausa, likitocin yara suka duba suka gyara, wani malamin allo ya rubuta mini shi da ajami saboda iyayen da ba su karanta boko. Ranar da ake ganin masu sikila nakan rufe laburare na rabin awa in je in raba, in zauna da matan a kan benci. Ba na yi musu lacca. Nakan ce ni ma uwar mai sikila ce, sai su matso. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila, na ji daɗi ƙwarai, ko da yake na san takarda ba ta isa ba in babu wanda zai zaunar da yaro da yarinya ya yi musu bayanin abin da ke cikinta. Ana haifar jarirai masu sikila kusan 150,000 a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu.

'Yata ta shiga babbar sakandare. Ta san ita AS ce tun tana shekara goma, na zana mata gida huɗun da hannuna. Makon jiya wata ɗalibar jinya ta kawo mini katin bikinta, tana ta murmushi, ta ce ɗan kawunta ne. Na karɓa na sa albarka, na tambaye ta ko sun yi gwaji. Ta ce, "Anti, ai lafiyarmu ƙalau." Na ɗauki makullaina na ce ta kira shi a waya ya same mu a ɗakin gwaji, zan raka ta.